Makarantar Maiki

Wani saurayi mai gyaran keke a Gusau ya kamu da son abin da ya gani a waya: mutum ya sheƙo da gudu a kan tsauni, wata lema ta buɗe a bayansa ta cika da iska, sai ga shi a sama, ba inji ba fetur. Ya bi diddigi har ya gano cewa a ƙauyen Mieussy na ƙasar Faransa aka fara wasan a 1978. Kuɗin lema ba shi da su. Amma ya ji masu abin suna cewa karatun duka sanin iska ne, kuma su ma manyan tsuntsaye suke bi su gane inda take hawa. Dutse kuwa ba sai ya je Turai ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gusau zuwa Tsafe ya ga Dutsen Kwatarkwashi ya tokare sama, garin yana kwance a gindinsa.

Wata Lahadi ya jira gari ya waye sarai, don a 'yan shekarun nan ba a yi wa hanyar sammako. Ya goya ƙanensa a keke, suka kama titi.

A gindin dutsen aka haɗa su da wani tsoho wanda ya yi kamun maiki da ƙuruciyarsa, lokacin da samarin garin kan hau dutsen a bikin shekara su kamo tsuntsun da hannu. Suka durƙusa suka gaishe shi.

"Samari, mi ya kawo ku?"

"Baba, so nake in ga yadda maiki ke tashi."

Tsohon ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ɗauki sandarsa ya ce su cire silifa, su bi sawunsa, kada kowa ya miƙe tsaye inda dutse ya yi sulɓi. Bai bi miƙaƙƙiyar hanya ba. Tsaga-tsaga ya riƙa bi, yana hutawa a inda ya ga dama. Da suka kai wani faffaɗan wuri ya ce su zauna.

"Maiki ba ya tashi da sassafe," in ji shi. "Nauyi gare shi. Sai rana ta gasa wanga dutse, iska mai zafi ta fara hawa, sannan shi buɗe fiffike shi faɗa cikinta. Ba ya kaɗawa. Kewayawa kawai yake, ita ke ɗaukarsa."

Abin da saurayin ya ji a bakin masu lema ke nan, ba ragi ba ƙari. Kuma tsuntsun da tsohon ke magana a kai ba ƙaramin gwani ba ne. Faɗin fukafukansa ya haura mita 2, kuma a 1973 wani ɗan uwansa ya yi karo da jirgin sama a sararin Abijan a tsayin mita 11,300, inda ɗan Adam ba zai iya numfashi ba. Masana tsuntsaye sun san Kwatarkwashi ne saboda gidajen maiki da a da suke jikin dutsenta.

Hantsi ya dubi ludayi. Dutsen ya fara ɗumi a ƙarƙashin tafin ƙafa. Saurayin ya ƙura wa sama ido har wuyansa ya gaji.

"Baba, ina suke?"

"Ɗana, na kawo ka ne ka ga wurin. Su kam na manta rabon da in gan su." Ya nuna jikin dutsen da sanda, inda a da kashinsu ke mayar da shi fari. "Mu a shekara sau ɗaya muke hawa. Daga baya aka samu masu saye. Kai da kuɗinsa, ƙafa da kuɗinta, wai na magani. Tsuntsun da ƙwai ɗaya tak yake sakawa, ina zai iya da kasuwa?"

Gaskiya tsohon ya faɗa, kuma abin bai tsaya a Zamfara ba: tun 2015 maiki yana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Abin takaici ne a ce yaro ya taka keke tun daga Gusau neman ilmin da ke saman dutsen, ya tarar an sayar da malaman.

Suna shirin tashi sai ga shirwa biyu sun ɓullo daga bayan dutsen, suna kewayawa, fukafukai a miƙe. Tsohon ya ce, "To ga ƙananan malamai. Dubi inda suke juyawa, nan iskar take."

Ƙanen ya riga ya zaro danƙo daga aljihu, ya ɗana tsakuwa. Yayan ya riƙe masa hannu, ya karɓe danƙon ya miƙa wa tsohon.

"Baba, ajiye wannan a wurinka. Lahadi mai zuwa ƙarfe nawa za mu zo?"