Rabon Gado a Zaure

Ba kowane mamaci ne ke barin dukiyar da za ta kai a ɗauke ta zuwa gaban alƙali ba. Yawancin talakawa, in sun riga mu gidan gaskiya, abin da akan tarar a bayansu ba ya wuce gida ɗaya na ƙasa, da 'yar gona, da awaki biyu ko uku, watakila da keken ɗinki. Irin wannan gado akan bari a share makoki, sa'an nan a taru a zaure, a kira malamin unguwa da dattijai biyu, a raba. To, abin tambaya shi ne, wannan al'ada daidai ce, ko kuwa ƙofa ce ta cin haƙƙin masu rauni a asirce?

Masu son rabon gida suna da hujja. A zamanin En'e, in alƙali ya raba gado akan fid da ushira, watau kashi 1 cikin 10 na abin da aka bari, kuma tun daga nan talaka ya koyi nesanta 'yar dukiyarsa da majalisar shari'a. Ko ba ushira, akwai kuɗin mota, da ranakun aiki da za a ɓata ana "je ka ka dawo". Ban da wannan, 'yan uwan da suka taɓa tsayawa gaban alƙali ba safai suke komawa cin tuwo a akushi ɗaya ba. Shari'a kuwa ba ta sharɗanta alƙali ba, muddin magada baligai ne, masu hankali, suna nan, sun kuwa yarda.

Amma fa zaure bai isa ya sake ƙa'ida ba. Kamar yadda littattafan Malikiyya irin su Risala da Muhtasar suka tsara, da fari akan fid da kuɗin likkafani da binnewa, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi. Abin da ya saura shi ne gado. Bashi shi ne abin da aka fi mantawa, musamman in ragowar sadakin matar ne, domin mai takaba ba ta iya buɗe baki ta tuna wa kowa.

A ɗauka, misali, mutum ya bar mace ɗaya, da 'ya'ya maza 2, da mata 3, ba uwa ba uba, aka ƙimanta abin da ya saura ya kama naira 800,000. Lissafin da ke cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, bai bar wurin gardama ba. Matar tana da sumuni, naira 100,000. Kowane ɗa namiji 200,000, kowace ɗiya 100,000. A kan allo abin ya tafi sarai. Sai dai gida ba ya yankuwa kashi 8, gonar da ba ta fi taki ɗari ba in aka tsattsage ta ba ta ciyar da kowa. Nan ne babban wa kan gyara murya ya ce, "Gidan ubanmu ba a sayarwa. Ku mata kuna ɗakin mazanku, ku bar mana." Su kuwa sai su sunkuyar da kai, su ce sun yafe.

A nan maganar take. Shin sun yafe ɗin? Ɗiyar da aka rene ta a kan kada ta ɗaga ido gaban yayanta, ga kawu, ga liman, ga hawaye bai bushe ba, ba a sa ran ta ce a'a. Malamai sun daɗe suna gargaɗi cewa dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa, abin da aka karɓa don mai shi ya ji kunya kuwa bai yi nisa da ƙwace ba. Ni a ganina, ba wanda ke iya kyauta da abin da bai san yawansa ba. Sai a faɗa mata a fili, "Rabonki naira 100,000 ne, ga shi a wannan ɗaki da wannan akuya." A bar ta ta kwana da maganar, ta yi shawara da wanda ta so. In ta komo ta ce ta bar wa 'yan uwanta, ta yi zumunci, Allah ya saka mata. In kuwa ta ce a biya ta, kada a kira ta marar kunya. Yayan da ke son gidan ya tsaya sai ya sayi rabonta da kuɗi, ko da kaɗan-kaɗan ne bayan kaka. Sau da yawa ma, wadda aka ce tana ɗakin miji, shekara ba ta zagayowa sai ga ta da kayanta a ƙofar gidan da ta yafe.

Akwai kuma wuraren da yarda ba ta da amfani sam. Maraya ƙarami ba ya yafewa, kuma ba wanda ke da ikon yafewa a madadinsa, ko uwarsa ce. In matar tana da ciki, a mazhabar Malik akan dakatar da rabo har ta haihu. Mai takaba tana da haƙƙin zama a gidan mijinta wata 4 da kwana 10, ba a fitar da ita don an sami mai saye. Wanda ya tafi cin rani sai a aika masa, kada a ƙaddara ya yarda. In ɗaya daga cikin waɗannan ya rikice, ko magada suka yi musu a kan bashi, to, aikin ya fi ƙarfin zaure, a tafi wurin alƙali, ko da abin da ake jayayya a kai jaki ne.

In an gama lafiya, malam ya rubuta rabon kowa a takarda, da ajami ko da boko, a ambaci iyakar gona da sunayen maƙwabta, shaidu su sa hannu, kowane magaji ya riƙe tasa. Dattijan da suka halarta za su mutu, jikoki ne za su zo suna tambaya wa ke da ɗakin da ke kusa da rijiya.