Wanda Ya Fasa Tafiya Saboda Hatsari, Tawakkalinsa Ya Yi Rauni Ne?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku iyayena da yayyena da ƙannena na wannan masallaci, kusan dukkanmu tafiya ce ta kawo mu Paiko. Wani daga Kano, wani Katsina, wani Sakkwato ko Zamfara, wani ma daga Maraɗi. Mun zauna cikin 'yan uwanmu Gbagyi muna sayen doya da hatsi, muna lodi, muna rufin asiri. Kuma har gobe ƙafarmu ba ta zauna ba. Wannan ya nufi Kwatano, wancan Lome ko Kumasi, wani Agadas, wani yana tara kuɗin Umara, wani ɗansa yana karatu a waje. Saboda haka tambayar wannan Juma'ar ta shafi kowane gida: mutumin da ya ji hanya ta lalace, ko ƙasar da zai je ana rikici, sai ya fasa ko ya ɗaga tafiyar, tawakkalinsa ne ya yi rauni?

Abin da ya kawo tambayar shi ne wata magana da ta zauna a bakinmu. Da an ce wa mutum "Alhaji, hanyar nan fa ba kyau," sai ya ce, "Kai bari, in kwana ya ƙare ko a kan gado kake sai ka tafi." Maganar gaskiya ce, babu Musulmin da zai musa ta. Damuwar ita ce lokacin da ake faɗinta. Ana jefo ta ne daidai sa'ar da ya kamata a tsaya a yi tambaya, sai ta toshe bakin mai nasiha, har ya ji kamar shi ne mai ƙarancin imani.

To, bari mu duba waɗanda suka fi mu imani, mu ga yaya suka yi.

Lokacin Hijira, Manzon Allah (SAW) ya fi kowa sanin Allah na tare da shi. Duk da haka, Madina tana arewa da Makka, amma da ya fita sai ya fara nufar kudu, ya shiga kogon Sauru shi da Sayyidina Abubakar, suka kwana uku har neman ya lafa. Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo musu labarin abin da Ƙuraishawa ke ƙullawa, Amiru ɗan Fuhaira yana bi da tumaki suna shafe sawu. Suka ɗauki ɗan jagora wanda ya san hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, alhali a lokacin bai musulunta ba, ya bi da su ta gefen teku maimakon hanyar da kowa ya sani. Kuma kafin ya fita ya bar Sayyidina Aliyu ya mayar wa mutane ajiyarsu. Ku ƙirga da kanku: neman labari, ɓoye sawu, sauya hanya, ɗaukar masani, sauke amana. Wa zai ce wannan tsoro ne?

Sai ƙissar Sayyidina Umar da ta zo a Bukhari da Muslim. Ya nufi Sham, da ya isa wani wuri da ake kira Sarg sai kwamandoji suka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke. Ya tara Muhajirai ya yi shawara, ya tara Ansaru, ya tara dattawan Ƙuraish, daga ƙarshe ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai raƙumansa da ƙaddara ya kai su, amma mai hankali ya san wanda zai zaɓa. Ku lura, sarkin Musulmi ne da kansa ya juya akalar raƙuminsa, kuma tarihi bai kira shi matsoraci ba.

Mu dawo gida. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayo goro, tafiyar watanni ce cikin daji da 'yan fashi da yaƙe-yaƙen sarakuna. Ba a taɓa jin falke ya ɗaura wa jakinsa kaya ya kama hanyar Salaga shi kaɗai wai yana tawakkali ba. Jira ake yi ayari ya haɗu. Akwai madugu mai shugabanci, akwai jagaba a gaba, a kowane zango akwai mai masauki da ya san gari, ya san sarki, ya san wace hanya ce ta mutu a bana. Zangunan da muke alfahari da su yau a Kumasi da Ankara daga wannan tsari suka tsiro. Mutanen nan suna salla, suna riƙe da alƙur'ani, kuma ba su ga tambaya ta rage musu komai ba. Ai matambayi ba ya ɓata.

Yanzu wani zai ce, "Sakatare, kana magana kamar akwai zaɓi. Talauci ma kisa yake yi. In na zauna wa zai ciyar da yaran?" Wallahi wannan magana tana da nauyi, kuma ba zan raina ta ba. A ƙarshen watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a Sahara, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da yara, da yawa daga yankin Kance na jihar Damagaram, Hausawa irinmu. Ba yawon buɗe ido ya fitar da su ba, yunwa ce. Allah Ya jiƙansu. Babu mai ikon zama a inuwa ya zarge su. Kuma babu tafiyar da ba ta da hatsari, ko nan da Suleja ne. Mu da muke maƙwabtaka da Munya da Shiroro, muka ga abin da ya faru a Kagara da Tegina a 2021, ba sai an koya mana ba.

Don haka ba ina cewa kowa ya naɗe ƙafa ya zauna ba. Neman halal ibada ne. Abin da nake cewa shi ne akwai tazara tsakanin wanda ya auna hatsari ya shiga da shiri, da wanda ya ƙi aunawa don kada ya ji abin da zai hana shi tafiya. Na farko ya yi abin da ke kansa, sauran ya bar wa Allah. Na biyu ya ɗauki aikin da Allah Ya ɗora masa ya ajiye, sannan ya sa wa sakacinsa suna tawakkali. Ranka amana ce a hannunka. Kuma ba kai kaɗai ke da haƙƙi a cikinta ba: akwai mahaifiya, akwai matar da ka ajiye, akwai yaran da ko suna ba a raɗa wa wani ba, akwai mai bin ka bashi.

Aunawar kuwa tana buƙatar sabon labari, domin ƙasa na iya juyewa cikin dare ɗaya. Sudan tsohuwar hanyar alhazanmu ce, akwai Hausawa da suka yi zuriya a can tun zamanin Mai Wurno, kuma kafin yaƙi ya ɓarke dubban 'ya'yanmu suna karatu a Khartum. Ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin azumi, aka wayi gari da ƙarar bindiga. Sai da aka kwashe ɗalibai a motocin safa zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can kafin a samu a dawo da su. Bayan wata uku, ranar 26 ga Yuli, sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka rufe iyaka, manyan motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela da Maigatari, kayan gwari suka ruɓe a kan mota. Najeriya ba ta buɗe ba sai Maris na 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Wanda ya ce "ai na san hanyar, shekara goma ina bin ta," to sanin jiya ne yake da shi. Kafin ka biya kuɗin mota, kira wanda ya dawo a makon nan, kira sarkin zango ko sarkin Hausawan garin da za ka, ka saurari rediyo.

Haka nan takarda. Manyanmu na tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busia a Gana ta kori baƙin da ba su da izinin zama, mutane suka bar gidaje da rumfuna suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka. Baƙo marar takarda a lokacin rikici shi ne na farkon kamawa. Ka riƙe fasfo ko takardar tafiyarka da katin allurar shawara, ka ɗauki hotonsu a waya, ka bar kwafi a gida. Ka raba kuɗinka, kada ka tara su aljihu guda. Kada ka yi tafiyar dare don ka riga wani isa kasuwa. In ka ga zanga-zanga ka sauya layi, kada ka ɗaga waya kana ɗaukar sojojin ƙasar mutane, kuma siyasar ƙasar da ba taka ba ka bar wa masu ita. Sannan kada kunya ta sa ka karɓi jaka ko ƙunshin da ba ka ga cikinsa ba, ko ɗan uwa ne ya ba ka. Mun ji labarin ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda jakar ƙwayoyi da wasu suka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Ta yi kusan wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta yi halinta. Ita da ba ta karɓi komai ba ke nan, ina ga wanda ya karɓa da hannunsa?

Akwai wani ɓangare da ya fi duk waɗannan nauyi, kuma ina roƙon iyayen gidanmu su yi mini haƙuri. Sau da yawa mai cewa "in kwana ya ƙare" ba shi ne zai hau motar ba. Yana zaune a rumfarsa, yaronsa ne zai bi kaya. Yaron ba ya iya cewa a'a, domin a hannunka yake ci, kuma yana jin nauyinka. To Alhaji, tawakkalin naka ne, amma ran na ɗan wani ne. Ma'aunin mai sauƙi ne: hanyar da ba za ka bi da kanka ba, ko ba za ka tura ɗan cikinka ba, da wace hujja za ka tura ɗan mutane? In har dole ce a je, ka gaya masa gaskiyar abin da ka ji game da hanyar, ka ba shi damar ya ƙi ba tare da ya rasa abincinsa ba, ka ba shi guzurin da zai kwana a gari in dare ya yi. Kuma ka ce masa a fili, da bakinka, in an tare ku ka bar musu kayan. Yara nawa ne suke riƙe jakar kuɗi a gaban bindiga don tsoron abin da maigida zai ce? Dukiya ana mayar da ita. In da rai da rabo.

Mu ma sauran jama'a muna da namu kason. Wanda ya je ya ga ba hali ya juyo hannu wofi, da me muke tarbarsa? In zolaya ce da habaici a majalisa, "wane ya ga soja ya ruga," to mu sani gobe kunyar wannan dariya ce za ta tura wani cikin wuta. Iyaye mata, kada a riƙa auna yaro da ɗan maƙwabta da ya aiko kuɗi daga Libiya, ba ku san abin da ya gani ba, ba ku kuma ƙirga waɗanda ba su aiko ko da gaisuwa ba. Matan aure kuma kuna da haƙƙin ku tambayi maigida ina za shi, wa zai sauke shi, yaushe zai kira. Wannan ba rashin kunya ba ne, kuma namiji mai hankali ba ya ɓoye wa iyalinsa hanyarsa.

Duk da wannan, kada wani ya fahimci cewa shiri yana tare mutuwa. Annabi Yaƙubu (AS) ya umarci 'ya'yansa su shiga Masar ta ƙofofi daban-daban, kuma shi da kansa ya shaida musu cewa dabararsa ba ta kare su daga hukuncin Allah. Ya haɗa biyun, bai yar da ko ɗaya ba. Akwai bayin Allah da suka yi duk abin da ya kamata, aka kuma tare su. Irin waɗannan ba a zarginsu, ba a cewa "da ya ji magana" a gaban marayunsu. Addu'a ake yi musu, a kuma riƙe iyalansu. Amfanin shiri shi ne, in ka dawo ka dawo, in kuma wa'adi ya cika a hanya, ka gamu da Ubangijinka ba ka ci amanar ranka ko ran wani ba.

Shawarata ga kwamitin masallaci da dattawa ita ce mu ajiye littafi guda a wurin ladan. Duk mai tsallaka iyaka ya rubuta inda za shi, da lambar mai masaukinsa, da ranar da yake sa ran dawowa. Wanda ya dawo kuma ya tsaya minti biyar bayan Magariba ya faɗa wa na baya yadda hanya take. Kuma kowa ya rubuta bashin da ke kansa da wanda yake bi kafin ya fita, ya bar wa wanda ya amince da shi.

Allah Ya tsare matafiyanmu na tudu da na ruwa da na sama. Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanyar neman halal, Ya zaunar da Paiko da jihar Neja da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum. Juma'a mai albarka.

Sakataren Masallaci