Girman Hannun Hukuma da Nauyin Amana

Masana tattalin arziki suna da ma'aunin da suke gwada girman gwamnati da shi: su tattara dukiyar da ƙasa ta samar a shekara, su duba kason da hukuma ta kashe daga ciki. A Faransa kason ya zarce rabi. A Nijeriya kuwa, ko an haɗa tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Tambayar da nake son dubawa ita ce: ƙasa mai tasowa irin tamu, ya kamata hukumarta ta ƙara buɗe hannu ne, ko ta ƙara damƙe shi?

Masu ra'ayin tsuke aljihu suna da hujja, kuma Bakatsine ba ya buƙatar a kai shi nesa kafin ya gan ta. An kammala madatsar ruwa ta Zobe, kusa da Dutsin-ma, a 1983, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin rarraba ruwanta. Kusan shekara 40 ke nan rijiya ta bayar, guga ya hana. Wanda ya ga haka ba za a zarge shi ba idan ya ce kuɗi a hannun hukuma asara ne.

Sai dai ina ganin hujjar ta tsaya a rabin hanya. Buƙatar da hukuma ta ƙi biya ba ta gushewa, komawa take kan talaka. Idan famfo ya ƙafe, magidanci a Ƙofar Marusa zai sayi ruwa wurin 'yan garuwa. Idan asibiti ba magani, zai sayar da akuyar matarsa. Idan tsaro ya gaza, manomin Batsari ko Jibiya zai biya kuɗin fansa. Duk wannan haraji ne, ko da ba a yanka masa rasiɗi ba, kuma ya fi tsanani ga wanda ya fi rauni. Mun ɗanɗana haka bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Don haka ƙanƙantar kason gwamnati a ƙasa matalauciya ba abin alfahari ba ne.

To, idan kashewa na jawo ɓarna, ƙin kashewa kuma na jawo ƙunci, ina mafita? Tarihin garin nan ya nuna mana bakin zaren. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau karaga a 1906, aka kafa baitulmalin En'e na farko a Arewa, a nan Katsina. Mulkin mallaka ne ya kawo shi don amfanin kansa, amma ya raba aljihun mai mulki da taskar jama'a, aka yanka wa ma'aikata albashi, aka rubuta shiga da fita. Talaka ya san guminsa ne a ciki, domin da hannunsa ya biya haraji da jangali.

Gwamnatin Balarabe Musa ta soke waɗannan a tsohuwar Jihar Kaduna, kuma ta kyauta, domin an sha cin zarafin marasa galihu wurin karɓarsu. Amma tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, mafi yawan kuɗinta daga rabon tarayya yake zuwa wata-wata, kuɗin da aka daɗe ana samu daga man fetur. Abin da mutum bai ji zafin fitarsa ba, da wuya ya bi sawunsa. Daga nan muka koyi cewa "kayan gwamnati ne", muna nufin marar mai shi.

Matsayina shi ne hukuma ta ƙara kashewa a kan ruwa, ilmi, lafiya da tsaro, domin kasuwa ba za ta kai su ƙauyen da babu riba ba. Amma kowane ƙari ya zo da sharaɗi: a bayyana kasafi da harshen da jama'a ke ji, a faɗi wanda aka bai wa kwangila, a kammala tsohon aiki kafin a aza harsashin sabo. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Mu kuma talakawa, wajibinmu ne mu riƙa tambaya, domin dukiyar tamu ce, shugabanni ajiya aka ba su.