Guntun Gatarinki

Yau wata tambaya ce ta hana ni barci: shin arha abin kunya ne?

Kwanakin baya na je ganin ɗakin wata amarya a Malumfashi. Ɗaki ya yi kyau, tubarkalla. Amma abin da ya ja idon kowa shi ne matasai guda shida da aka jera a kan kujeru. Wata ƙawar dangin ango ta ɗauki ɗaya ta ce, "Kai, amarya, ina aka samo waɗannan?" Sai amarya ta sunkuyar da kai ta ce, "Daga Kano aka kawo."

Wallahi sai da gabana ya faɗi. Don ni na san uwarta ce ta ɗinka su. Wata biyu tana bin tela tana tara ƙyallayen atamfa da shadda. Ta wanke, ta goge, ta haɗa su gida-gida. Ta yi rigar ciki da akoko, ta shanya audugar rimi a rana, ta tsince 'ya'yan tsaf don kada ɓera ya yi ɓarna, sannan ta ɗura. Kuma tana zaune a bakin ƙofa lokacin da 'yarta ta faɗi haka. Ba ta ce uffan ba, ta dai gyara mayafi.

Ban ce amarya muguwa ce ba. Yarinya ce, tsoron gori take yi, kuma mu mata mun san kaifin harshenmu ranar jere. To amma duba abin da ta saya da ƙaryar nan: yabon minti biyar. Me ta biya? Wata biyu na idon uwarta. Wa ya ci riba a wannan ciniki?

Abin mamaki ma, a ƙasar auduga muke. A zamanin Turawa ana gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, a yi dila-dila a kai Ingila. A 1978 aka kafa masaƙar Funtuwa. Kakanninmu kuwa da bakan shiɓa da mazari suka tufatar da gidajensu, ba su taɓa jin nauyin a ce aikin hannunsu ne ba. Yaushe muka koyi cewa abu ba ya daraja sai ya hau mota ya zo?

Wata za ta ce, "Ai ɗaki mutuncin mace ne." Gaskiya ne, ban ƙi ba. Idan Allah ya hore miki, sayi mai tsada, babu laifi. Laifin shi ne uba ya sayar da masarar da za a ci da damina, uwa ta cinye adashi uku, don kawai a rufe bakin 'yan kallo. 'Yan kallo za su watse kafin magariba, bashi kuwa a ɗakin zai kwana. Matashin da aka sayo da bashi, komai laushinsa, ba ya kawo barci.

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Don haka ƙanwata, ran da aka tambaye ki, ɗaga kai ki ce, "Innata ce ta ɗinka." Idan kuwa ke kika yi, faɗi, wataƙila ma a nan za ki samu mai saye.

Allah ya ba mu wadatar zuci, amin.