"Yana Jami'a": Gaskiya Ce Ko Rabinta?

Akwai wata amsa da ta zama jiki ga wasu iyaye a cikinmu. Yaro ya bar Badafi ko Tudun Wada, ya tafi Kano koyon aikin lambu da gyaran harabar jami'a. In an tambayi labarinsa bayan Misa, sai uban ya ce, "Yana jami'a," ya yi shiru, ya bar mai tambaya ya ɗora wa yaron digiri da kansa.

Ba ƙarya aka yi ba. To, amma me ake ɓoyewa? Wanda ya san lokacin dashe, ya iya aurar da mangwaro, ya yi renon dogon yaro har ya ƙetare bazara, ai ilimi ya samo, kuma ƙasar Bebeji, inda madatsar Tiga take tun 1974, tana bukatarsa. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya koyar a 1981 cewa darajar aiki daga mutumin da ke yin sa take fitowa. Da asubar tashin Ubangiji, Maryamu Magadaliya ta zaci shi mai lambu ne; bai ɗauke shi zagi ba, sunanta kawai ya kira.

Yaranmu suna jin wannan amsa. Shi ya sa wasunsu kan zo Kirsimeti da littafi a hammata, suna ɓoye kantar hannunsu.