Ajali da Sababi a Wanzuwar Tsofaffin Jiragen Yaƙi

Malaman tauhidi sun daɗe suna rarrabewa tsakanin ajali, wato wa'adin da Allah Ya yanka wa kowane abu, da sababi, wato dalilin zahiri da wanzuwa ko halaka ke biyowa ta kansa, kuma jiragen Yaƙin Duniya na Biyu sun isa misali a kan wannan bambanci. Jamus ta ƙera jirgin faɗa samfurin Messerschmitt Bf 109 fiye da 30,000, amma ƙalilan ne suka rage, alhali jirgin dakon sojoji da kaya na Amurka, Douglas C-47, wanda adadinsa bai wuce 10,000 da kaɗan ba, har yau wasunsu suna tashi.

Sababin farko a fili yake. Jiragen ƙasar da aka ci da yaƙi a 1945 akasari narkar da su aka yi, kuma ko na waɗanda suka yi galaba, in ba su iya komai ba sai ɓarin wuta, zaman lafiya ya mai da su kayan gwangwan. Shi kuwa C-47 ya sami sana'a bayan yaƙi, domin yana sauka a filin da ba kwalta, kayan gyaransa kuma suna da yawa da araha, shi ya sa kamfanoni da rundunonin ƙananan ƙasashe, har da Togo, suka riƙe shi.

Sababi na biyu ya fi wuyar sha'ani, kuma ana ganinsa a Togo, a Sarakawa, kusa da Kara, tsakanin Sokode da Dapaong. A nan ne wani C-47 ya faɗi ranar 24 ga Janairu, 1974, ɗauke da shugaban ƙasar na lokacin, Eyadema, wanda ya tsira, ya ce makirci aka ƙulla masa saboda ma'adinin fosfat da ake yin takin zamani da shi, sannan ya mai da kamfanin haƙarsa mallakar gwamnati. An adana tarkacen a gidan tunawa da aka gina a wurin, ta yadda jirgin da ya daina amfani ya wanzu albarkacin labarin da masu mulki suka rataya masa. Magoya baya sun ɗauki tsirar a matsayin shaidar cewa Allah Ya zaɓi shugaban, amma wannan fassara ta zarce abin da tauhidi ya yarda da shi, domin sauran kwana ba hujjar fifiko ba ce, kuma matuƙin jirgin da sauran waɗanda suka rasu a ranar ba a san su da wani laifin da ya gajarta kwanansu ba.