Tsakanin Ajali da Sakaci

Ranar Asabar, 4 ga Mayun 2002, jirgin fasinja na kamfanin EAS, ƙirar BAC 1-11, ya tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zai nufi Legas. Bai yi nisa ba ya rikito a kan gidajen unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka riga mu gidan gaskiya, ciki har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku, da mazauna unguwar waɗanda mutuwa ta tarar a gidajensu. A irin wannan rana maganar kowa ɗaya ce: kwana ne ya ƙare. Gaskiya ce, kuma da ita ake sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. To amma shin ta isa ta rufe bakin mai tambayar laifin wane ne?

Masu ganin ta isa suna da hujja. Tone-tone ba ya dawo da mamaci, kuma mai yawan "da an yi kaza" yana iya zamewa zuwa jayayya da hukuncin Ubangiji. Sai dai addinin da ya koya mana cewa ajali ba ya jinkiri, shi ne ya wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Da a ce ƙaddara tana wanke mai kuskure, da wannan hukunci ba shi da gurbi. Haka Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, ya nuna cewa kauce wa haɗari shi ma yana cikin ƙaddara.

Haɗarin Gwammaja yana da sababi. Bincike ya nuna jirgin ya zarce ƙarshen titin tashi, injunansa suka zuƙi ƙura, ƙarfinsu ya ragu. Daga baya gwamnati ta dakatar da jirage ƙirar BAC 1-11, ta kuma sanya shekara 22 a matsayin iyakar tsufan jirgin fasinja. Haka ranar 29 ga Oktoban 2006, jirgin ADC mai zuwa Sakkwato ya tashi daga Abuja cikin mummunan yanayi, ya faɗi, mutum 96 daga cikin waɗanda ke cikinsa suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. A kowanne akwai lokacin da wani ɗan Adam yake da zaɓi a hannunsa.

Mafi yawan mutanen Tamawa ba su taɓa shiga jirgi ba, amma zancen ya shafe mu, domin waɗanda suka rasu cikin gidajensu a Gwammaja ma ba su sayi tikiti ba. Direban da ya yi lodi fiye da ƙima a kan sudaddiyar taya, ya kama hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma, da shi da mai kamfanin jirgi amana iri ɗaya suka ɗauka.

Saboda haka kowa da rabonsa a wannan al'amari. Haƙuri na mai rashi ne, bincike da hukunci na hukuma ne, gyara kuwa na wanda aka damƙa wa rayukan jama'a. Uwar da ta binne ɗanta tana da haƙƙin cewa haka Allah Ya so. Wanda ya yi sakaci kuwa, in ya ari wannan kalma don ya tsere wa tambaya, ya haɗa laifi biyu: ya jawo asarar rai, ya kuma fake da sunan Allah.